Ma'ajiyar Jikin Bango a Ɗakunan Cikin Birnin Kano

Ma'ajiyar jikin bango tsohuwar aba ce a gidajen cikin birnin Kano, sai dai a da ba don tufafi ake yin ta ba. Maginin ƙasa, tun yana jera tubali, yakan bar ɗan gurbi a bango daidai ƙirjin mutum, ya shafe cikinsa sumul, wani lokaci ya lanƙwasa samansa don ado. Wannan shi ne alkuki. Aikinsa na asali ɗaukar fitilar aci-bal-bal, don kada iska ta kashe ta ko yaro ya ture ta, amma a kan sa masa tandun kwalli, carbi, kwalbar turare da ƙananan abubuwan da ba a so su ɓace. A zauren malami kuwa, nan kurtun tawada da alƙaluma suke zama, gafaka tana rataye a gefe. Kaurin bango ne ya ba da wannan dama. Ginin tubali yakan fara da fāɗi daga gindi yana tsukewa zuwa sama, kuma a soron bene gindin yakan kai kamu biyu ko fiye, kamar yadda mai ziyara zai gani a Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Gurbin taƙi ɗaya a irin wannan bango ba ya rage masa ƙarfi.

Tufafi suna da nasu wurin dabam. Na yau da kullum ana sagale su a igiya ko gorar da aka gitta a kusurwar ɗaki. Na fita unguwa da na salla ana ninke su a zuba a adudu, a rufe. Ƙore da abincin da ake gudun ɓera ya taɓa suna hawa ragaya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kanti suka yawaita, akwatin ƙarfe da fantimoti suka fara ture adudu, gadon ƙarfe mai dogayen ƙafafu ya zo ya ba da sarari a ƙarƙashinsa, inda ake tura akwatunan a sake musu labulen gado. Ita kuwa kanta, wadda ake jera tasoshi da langa da samiru a kanta, ba don ɓoyo aka yi ta ba. Kayan jere abin nunawa ne, da su ake gane irin ƙoƙarin da iyayen amarya suka yi. Daga shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo hannun jama'a, kabad mai gilashi ya gaje kanta, sif mai ƙofa biyu ko uku ya gaje akwati, har aka wayi gari gado da sif da madubi sun zama saiti guda da ba a kai amarya sai da shi.

A nan ne sif ɗin jikin bango, wanda ya shigo daga gidajen gwamnati da na sababbin unguwannin bayan ganuwa, ya ci karo da tsarin aure na Hausawa. Bisa al'ada, ɗaki na miji ne. Shi zai gyara shi, ya yi shafe da fenti, ya sa ƙofa da taga. Abin da ke cikin ɗakin kuwa na mace ne, ubanta ne ya yi mata, danginta suka kai suka kafa ranar jere. Kayan ɗaki dukiyarta ce ta kanta. Idan gida ya shiga matsi takan sayar da wani abu daga ciki, idan 'yarta ta isa aure takan cire ta ƙara mata, idan kuma zama ya ƙare, motar kwasar kaya takan zo a fitar da komai har tsintsiya. Sif ɗin da aka gina da bulo aka manne shi da bango ba ya shiga mota. Shi ya sa da wuya uban amarya ya yarda ya zuba kuɗinsa a ginin surukinsa, komai kyan zaton da yake yi wa auren. Wanda yakan yi wannan aiki shi ne maigida, kuma galibi a turakarsa yake farawa, inda kayan nasa ne, bangon ma nasa.

Fiƙihun Malikiyya da alƙalan Kano suke hukunci da shi ya daɗe da bambanta waɗannan abubuwa biyu. A Muhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa cinikin gida yana haɗawa da abin da aka kafe a jikinsa, irin su ƙofa da kantar da aka girke, ban da abin da ake iya ɗagawa a fita da shi. Haka nan idan miji da mata suka yi jayayya kan kayan cikin gida ba tare da shaida ba, abin da aka saba gani na mata ne ana bar wa matar bayan ta yi rantsuwa, na maza kuma a bar wa mijin. Sif na tsaye yana cikin kayan mata ba gardama. Na jikin bango kuwa ya bi gida, kuma gidajen cikin birni da yawa gidajen gado ne, waɗanda 'yan'uwa da 'ya'yan 'yan'uwa suke zaune ɗaki-ɗaki ba a raba ba. Wanda ya kashe kuɗi a ɗakin da yake ciki ya san ranar rabo tare da ginin za a yi wa aikinsa kuɗi. Mai haya ma haka: sai ya nemi izinin mai gida, a yi magana tun farko ko za a cire masa daga kuɗin haya ko ya bar shi sadaka.

Duk da haka aikin yana yaɗuwa, kuma ƙarancin wuri ne babban dalili. Ɗakin ƙasa ba ya yin fāɗi, domin azara, wato tsagin giginyar da ake rufi da shi, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a tazarar da ta wuce kamar ƙafa 6 sai an yi mata dabarar tallafi a kusurwa ko an ɗaura baka. Ko da aka rushe aka sake da bulo, filin bai ƙaru ba, sai ma mutanen gidan da suka ƙaru. Ga kuma lungu. A unguwanni irin su Yakasai, Madabo, Dandago da Koki akwai lungunan da mota ba ta shiga, sai a sauke kaya a bakin titi a ɗora a baro ko a kai, a bi ta zaure da shigifa masu ƙananan ƙofofi waɗanda da gangan ba a sa su suna kallon juna ba. Sif mai ƙofa shida sai an kwance shi gunduwa-gunduwa kafin ya wuce nan, kuma kowace kwancewa tana rage masa kwana. Wanda aka haɗa a cikin ɗaki ya huta da wannan wahala, ya kuma ci sararin sama har silin, inda na tsaye yake barin wurin tara ƙura.

Yadda ake aikin ya danganta da irin ginin. A bangon ƙasa, tsofaffin magina ba sa yarda a rarake rami mai zurfin da zai ɗauki tufafi, domin sif yana son zurfin kamar ƙafa 2, kuma nauyin rufi a kan bangon yake. Sau da yawa ma bangon na haɗaka ne, bayansa ɗakin maƙwabci ne, taɓa shi ba shawara yana iya kai mutane gaban mai unguwa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi kusurwa, a tayar da ɗan bango na bulo inci 6 daga gefe guda, bangon ɗakin ya zama baya da ɗaya gefen. A ginin bulo kuwa, mai hangen nesa tun a harsashi yake sa birkila ya fitar da gurbin. Ko ta wace hanya aka bi, ana ɗaga ƙasan gurbin da dakalin siminti kamar inci 4, don ruwan wanke ɗaki ko na ambaliya kada ya taɓa katako. Sai a yi filasta, a bar ta ta bushe sarai. Gaggawar biki takan sa a tsallake wannan jira, kuma warin rima da ke kama tufafi daga baya nan ne asalinsa.

Daga nan aiki ya koma hannun kafinta. Yakan zo da awo, ya rubuta kayan da za a sayo: katako da filawud daga 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo, ƙusa da hinji da makulli da mariƙi daga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Allon filawud da na MDF ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma kafinta mai lissafi yakan daidaita faɗin ƙofofi da wannan awo don kada yanka ya yi asara. MDF ya fi sheƙi da sauƙin kuɗi, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura ya fara marmashewa. Ana biyan kafin alƙalami, a cika idan an gama. Masu gida da yawa sun fi so su sayo kayan da kansu su biya kuɗin hannu kawai, don gudun a canza musu katako.

Tsarin cikin sif ɗin yana bin irin suturar mutanen gari. Babbar riga ta shadda, wadda aka kai wa masu bugu suka daddake ta har ta yi ƙyalli, ninke ta ake yi a kwantar; rataye ta a hanga yana jan wuyanta ya ɓata zaman aikin. Atamfa da leshi da mayafai da zannuwan gado su ma a ninke suke zama. Saboda haka hawa-hawan kanta sun fi yawa, sandar rataye kuwa ɓangare guda ake ba ta, don kaftani da jallabiya da abaya. Maigida yakan so a ware wa huluna hawa guda, kada a danne su karinsu ya karye. Uwargida takan nemi durowa mai makulli don sarƙa da 'yan kunne da kuɗin adashi. Can sama, inda sai an taka kujera, nan akwatunan lefe da bargunan hunturu suke. Alƙur'ani da littattafan addini ba a sa su a ƙasa ko a ƙarƙashin tufafi, hawan sama ake ba su. Turaren wuta kuwa a waje ake yinsa: a turara kaya a kan kabbasa, a ninke su da ɗuminsu a mayar, ƙamshin ya kama katakon. Sa kasko da garwashi a cikin sif, da wasu suke yi don sauri, ya sha jawo gobara.

Abokan gāban wannan ma'ajiya uku ne. Gara tana biyo bango daga ƙasa, musamman a gidan da asalinsa ƙasa ne, ta cinye bayan katako ba a gani ba. Shi ya sa ake shafe duk katakon da zai taɓa bango da maganin gara ko baƙin mai kafin a kafa. Danshi na damina ne, ya fi tsanani a watan Agusta, kuma ya fi damun bangon da ke fuskantar gabas, inda ruwan Kano yake yawan bugowa, da gidajen da ke kusa da kududdufai da rafin Jakara. Mata sukan buɗe ƙofofin su fitar da kaya su sha rana, su zuba kafur saboda kyankyaso. Hunturu kuma yana zuwa da ƙura mai shiga ta kowace kafa, da bushewar da ke sa ɗanyen katako ya tsuke har ƙofa ta ƙi haɗuwa.

A gidan mai mata fiye da ɗaya, aikin ba ya tsayawa a ɗaki guda. Wanda ya sa aka yi wa amarya sif a bango ya bar uwargida da tsohon kabad ɗinta ya san maganar adalci za ta taso, don haka a kan haɗa shi cikin gyaran da ake yi wa ɗakin uwargida kafin a kawo amarya. Iyayen amarya mata kuma, ranar da suka zo ganin ɗaki da auna shi, suna duba ko akwai na bango. Idan akwai, wasu sukan cire sif daga saitin da za a ba kafinta, a mayar da kuɗin kan firji ko kujeru. Wasu kuwa ba sa fasawa: a kawo na tsaye a girke shi a ɗaya bangon ko da zai toshe rabin taga, domin 'yan ganin ɗaki za su ƙirga abin da aka kawo daga gidansu amarya, kuma na jikin bango ba ya cikin lissafin.