Wayar da ke aljihunka ta isa ta juya maka shafi

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa gaban malamai yana kare kundin digirinsa ya san wahalar nan: kana cikin bayani sai ka koma wajen kwamfuta ka danna, ko ka yi ta ce wa abokinka "gaba, gaba", har ka manta inda ka tsaya.

To, ba sai ka sayi rimot ba. Manhajar KDE Connect kyauta ce. Ka sa ta a waya da kwamfuta, ka haɗa su kan Wi-Fi ɗaya, ko babu data tana aiki. A wayar Android, maɓallan sauti ma suna juya shafukan PowerPoint.

Amma fa ka gwada tun daga gida, ka cika caji, ka rufe kira, kada Hajiya ta bugo ana tsakiyar bayani.