Amish da Menonawa: Me Ya Sa Keke Ya Zama Abin Muhawara?

Wataƙila ka taɓa ganin hotonsu: maza masu gemu ba gashin baki, mata da doguwar riga da farin kallabi, suna tafe cikin keken doki a gefen titin Amurka, motoci na wuce su. Su ne Amish. Za ka zaci sun ƙi duk wani abin zamani ne. Labarin keke zai nuna maka cewa ba haka abin yake ba.

Su wane ne?

Kiristoci ne. Asalinsu birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, inda a 1525 wasu suka ce bai kamata a yi wa jariri baftisma ba, wato wankan shiga addinin Kirista, sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. Sun kuma ƙi ɗaukar makami. Hukumomi suka tsananta musu, har aka nutsar da ɗaya daga cikin jagororinsu, Felix Manz, a kogi a 1527.

Wani limamin coci ɗan Holan, Menno Simons, ya shiga cikinsu a 1536, daga sunansa aka samo Menonawa. A 1693 Jakob Ammann ya ɓalle don yana ganin an yi sakaci da tarbiyya, mabiyansa su ne Amish. Daga baya suka yi hijira zuwa Fensilbeniya a Amurka. Yau Amish sun kai kusan 400,000, mafi yawansu a jihohin Fensilbeniya, Ohayo da Indiyana.

Duk ɗaya suke?

A'a. Yawancin Menonawa ba su haramta tuƙa mota ko zuwa jami'a ba, kuma da yawansu yanzu a Afirka suke, musamman Habasha da Kwango. Kaɗan ne suka tsaya kan keken doki. A Nijeriya ma akwai dangin wannan aƙida ta ƙin yaƙi, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkiɗa a 1923, ko da yake ita ba Amish ba ce, ba kuma Menonawa ba.

Wa ke yanke abin da ya halatta?

Amish ba su da shugaba guda. Kowace unguwa mai gidaje kamar 20 zuwa 40 ikilisiya ce mai zaman kanta, suna ibada a gidajen juna. Kowacce tana da ƙa'idojin da suke kira Ordnung, kalmar Jamusanci mai nufin tsari, galibi ba a rubuce ba. Idan sabon abu ya zo, tambayarsu ita ce: zai haɗa mu ko zai raba mu? Shi ya sa Ba'amishe zai shiga motar haya amma ba zai sayi tasa ba. A ganinsu mai mota ba ya buƙatar maƙwabci, kuma ba ya zaman gida.

To, ina laifin keke?

Nan ne abin ya fi ban sha'awa. A gundumar Lankasta ta Fensilbeniya, Amish ba sa hawa keke. Abin da suke amfani da shi wani keke ne mara feda da sirdi: ka ɗora ƙafa ɗaya a kansa, ka riƙa dukan ƙasa da ɗayar. Zai kai ka makaranta ko shago, amma gajiya ba za ta bar ka ka yi nisa ba. Dalilin da aka fi bayarwa ke nan: keke mai feda yana iya kai matashi gari cikin sauƙi, nesa da idon iyaye. Abin dariyar shi ne, maƙwabtansu Menonawa masu keken doki suna hawa keke a kan titi guda.

A gundumar Holms ta Ohayo da arewacin Indiyana kuwa, keke abin yau da kullum ne. Gonaki sun yi tsada, mutane da yawa sun koma aikin kafinta, gini da masana'antu, dole su yi sammako. Ɗaura wa doki kaya yana cin lokaci, keke kuwa sai ka hau kawai. A 'yan shekarun nan keke mai batir ya bazu a Holms, inda tuddai suka yi yawa. Tun da ba sa jawo wutar lantarki ta gari zuwa gida, da faifan sola ko janareta suke cajinsa. Wasu ikilisiyoyin sun yarda, wasu sun hana, suna cewa mota ce ke shigowa ta bayan gida.

Me wannan rayuwa ke ci musu?

Keke ya fi araha nesa ba kusa ba, domin keken doki sabo dubban daloli ne, ga abincin doki da kula da kofato. Babbar tsadar ita ce haɗari. Suna raba titi da motoci masu gudu, shi ya sa masu keke da yawa ke sa riga mai ƙyalli da fitila. Wanda kuma aka yi wa baftisma ya dage kan karya ƙa'ida, ana iya ƙaurace masa har ya tuba.

Don haka in ka ga hoton Ba'amishe a kan keke, kada ka ce ya saɓa wa addininsa. Fara tambayar daga wace unguwa ya fito.