Shirin Musamman: Ƙauyukan Ghana da Suka Sayi Turakun Wutarsu

Yau Ghana muka nufa, batun wutar lantarki ne ya kai mu.

A gurguje: a 1966 Kwame Nkrumah ya ƙaddamar da madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Volta. Amma birane da masana'antu ne suka fi amfana da wutar. Har zuwa 1989, ko mutum ɗaya cikin uku bai da wuta a gidansa. A shekarar ce gwamnati ta ɗauki alkawarin kai wuta ko'ina cikin shekara 30.

To, ga abin da ya burge ni. An fito da tsarin taimakon kai da kai. Duk ƙauyen da bai wuce kilomita 20 daga babban layi ba, ba sai ya jira lokacinsa ya zo ba. Mutanen gari su haɗa kuɗi, su sayi turakun da za a kafa a cikin gari, wasu gidaje su ja waya su shirya. Gwamnati kuma ta kawo taransifoma da wayoyi da ma'aikata. Ku ji fa, su da kansu suka sayi turakun! Don me? Don sun san abin da wuta ke kawowa: injin niƙa ya tashi, mai walda ya zauna a garinsu, allurar rigakafi ta kwana a firji, unguwarzoma ta karɓi haihuwa ba da tocila a baki ba, yara su yi karatun dare. Yau sama da kashi 80 cikin 100 na 'yan Ghana suna da wuta.

Sai dai ja waya daban, tsayawar wuta daban. Daga 2012 zuwa 2016 ƙasar ta sha ɗauke wuta, bayan lalacewar bututun iskar gas da raguwar ruwan Akosombo. A 2015 akan yi awa 24 babu wuta, a ba da ta awa 12. Ƙanƙara ta narke, kifi ya ruɓe, masana'antu suka rage ma'aikata.

Lokaci ya ƙure mana. Kiranmu ga hukumomi: ku kai wuta, ku kuma tsayar da ita, domin sana'ar talaka a kanta ta dogara.