Mai Yin Daddawa Shi Ke Yin Riboflavin

Wanda ya tsaya ya karanta rubutun jikin buhun fulawa a kasuwar Tudun Wadan Zariya, ko na gwangwanin madarar yara, zai iya cin karo da sunan riboflavin, wani lokaci kuma lambarsa, E101. Irin waɗannan lambobi ne ake jerowa a saƙonnin WhatsApp ana cewa da alade aka yi su. Sai hankalin bawan Allah ya tashi, alhali da burodin wannan fulawar ya karya kumallo.

Riboflavin dai shi ne bitamin B2, kuma Allah Ya ajiye shi cikin nono da ƙwai da hanta da ganyen miya. A 1879 wani masani ɗan Ingila, Alexander Wynter Blyth, ya fara tsamo shi daga madara. Launinsa ruwan ɗorawa ne, shi ya sa ake rina abinci da shi, shi ne kuma ke sa fitsarin mai shan bitamin ya canza launi. Idan ya yi ƙaranci a jiki, gefen baki ya tsattsage, harshe ya yi ciwo. Tun 2002 gwamnatin Najeriya ta wajabta ƙara sinadaran gina jiki a fulawa, hukumar NAFDAC kuma na cikin masu sa ido a kai.

To, wanda ake zubawa a fulawar, daga ina yake fitowa? Mai son amsa ya leƙa gidan da ake yin daddawa. Mai daddawa takan dafa kalwa har ta yi laushi, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, sannan ta zuba a mazubi ta lulluɓe, ta bar ta kwana biyu ko uku cikin ɗumi. A wannan tsakanin ba hannunta ke aiki ba. Wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, wadda masana ke kira Bacillus subtilis, ke cin kalwar tana mayar da ita abin da ke ɗaga miyar kuka. Ba a taɓa jin malamin da ya haramta daddawa don ƙwayar halitta ce ta sarrafa ta ba.

Irin wannan ƙwayar ce manyan kamfanoni ke kiwo a tankunan ƙarfe, suna ciyar da ita sukarin masara, ita kuma tana fitar da riboflavin. Wasu kamfanonin, irin su BASF na Jamus, da wata fumfuna suke aiki, Ashbya gossypii, wadda a jikin auduga aka fara gano ta, abincinta kuma man tsirrai ne kamar na waken soya. Daga ƙarshe a tace, a busar, ya zama gari. Kusan duk riboflavin ɗin da ke kasuwar duniya a yau ta haka ake samunsa, domin tatso shi daga hanta ko madara ba zai mayar da kuɗin mai shi ba.

A wurin malaman fiƙihu, asalin abinci halas ne har sai dalilin haramci ya tabbata. Uwargida mai tsantseni abu uku take dubawa a daddawa: kalwar, ruwan, da mazubin. Tambayoyin riboflavin ke nan. Da me aka ciyar da ƙwayar? Da me aka gauraya garin? A cikin me aka zuba shi? Su ne abin da hukumomin tantance halas, irin su JAKIM ta Malesiya, ke bincika kafin su sa hatiminsu.

Inda shubuha ta fi ɓuya shi ne mazubin. Kwanson kafso sau da yawa da jelatin ake yinsa, jelatin kuwa daga fata da ƙashin shanu ko alade yake fitowa. Fulawa kuwa ba a kafso take zuwa ba, saboda haka mai tsoron Allah ya ci burodinsa hankali kwance. Amma in ya je kemis sayen bitamin, ya tambayi da me aka yi kwanson, in babu bayani ya nemi na ƙwaya wanda ba a zuba shi a kafso ba.