Ko Kun Sani? Jam'iyyar "Ci Gaba" da ba ta gaggawar 'yanci

A Togo, kafin samun 'yancin kai, jam'iyyar da ta raɗa wa kanta sunan ci gaba ita ce ta masu ra'ayin riƙau. PTP ke nan, wadda su Nicolas Grunitzky suka kafa a 1946, kuma burinta a tafi sannu sannu, kada a yanke igiya da Faransa. Masu neman sauyi na gaggawa kuwa suna cikin CUT ta Sylvanus Olympio.

A arewa, daga Sokodé har Dapaong, riƙau yana da wata fuska dabam. A 1951 aka kafa UCPN, ƙungiyar sarakuna da jama'ar arewa, ta haɗa kai da PTP. Abin da take karewa shi ne martabar sarauta, ga kuma fargabar cewa in Turawa suka tafi da wuri, 'yan bokon kudu za su kwashe muƙamai, tun da makarantu sun daɗe da yawaita a can. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma duk wanda ya san takun saƙar jam'iyyun NPC da NEPU a Kano zai gane shi nan take.

A zaɓen 27 ga Afrilu 1958, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ido, CUT ta lashe kujeru 29 cikin 46, UCPN ta sami 10, PTP kuwa 3 kacal.