Darasin Ɗaliban Likita Da Ya Shafi Matan Sabon Gari

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Abuja zai wuce Jami'ar Bingham ta Karu, wadda aka kafa a 2005, inda ake horar da likitoci. Kafin a yarda ɗalibi ya taɓa majiyyaci, sai ya fara da ilmin sassan jikin ɗan Adam, watau ya san ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi, da jijiyoyi, da kayan ciki. A cikin wannan karatu kuwa akwai babi guda kan yadda ake halittar ɗa a mahaifa. Darasi ne na kowace makarantar likita, har da ta Badun da aka buɗe a 1948, da ta Zariya a 1967.

To, wannan babi bai kamata ya tsaya a aji ba, domin ya shafi kowace matar aure a Sabon Garin Keffi, da mijinta.

Malamanmu sun daɗe suna karanta mana matakan halitta a Suratul Muminun. Abin da likitoci suka yi shi ne ƙidaya kwanakin. Daga ranar da ciki ya shiga, wajen kwana 22 zuciya take fara bugawa. A wannan lokaci kuma akwai wani ɗan kwari a bayan ɗan tayi, wanda gefunansa biyu ke naɗowa su haɗe kamar bututu. Daga wannan bututu ƙwaƙwalwa da laka suke fitowa. Kafin kwana 28 ya gama rufewa, alhali ɗan tayin bai fi ƙwayar shinkafa ba. Zuwa mako 8, hannu da ƙafa da manyan kayan ciki duk sun kankama, tsawonsa kuwa kamar santimita 3.

A lura da kyau: kwana 28 ɗin nan, mako biyu ke nan kacal bayan mace ta ga ɓatan wata. Da yawa ba su ma tabbatar da suna da ciki ba.

In bututun bai rufe daga ƙasa ba, sai a haifi jariri da ƙari ko rami a gadon baya, sau da yawa ƙafafu su shanye, ya kasa riƙe fitsari. In daga sama ne, ƙwaƙwalwa ba ta cika, jaririn kuma ba ya rayuwa. A gida sai a ce iska ce, ko maita, ko a zargi kishiya.

Amma akwai rigakafi. A 1991 wani babban bincike da likitocin Ingila suka jagoranta ya nuna cewa ƙwayar folik asid tana rage sake aukuwar wannan larura da kamar kashi 70 cikin ɗari ga matan da suka taɓa samun irin wannan ciki. Shawarar da ake bayarwa ita ce mace ta fara shan ƙwaya ɗaya kullum tun kafin ciki ya shiga. Alayyafo da wake da gyaɗa ma suna da wannan sinadari, sai dai doguwar dahuwa na rage shi.

Haka kuma a waɗannan makonni ne magani ya fi yin ɓarna. Tsakanin 1957 da 1961 aka sayar wa mata masu laulayi wani magani mai suna talidomaid a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe, aka haifi yara fiye da 10,000 da nakasa, da yawansu da dungulmin hannu ko ƙafa. Saboda haka mai ɓatan wata ba ta da dalilin aika yaro kemis, ko shan jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Mai shan maganin farfaɗiya kuwa kada ta daina da kanta, ta ga likita tun kafin ciki.

Matsalarmu ita ce kunya. Mai cikin fari takan ɓoye har sai ya turo zane, sa'an nan a yi maganar awo. Kunya ado ce, amma a nan tana jawo asara. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara awo cikin mako 12 na farko, a kuma je sau 8 kafin haihuwa. Mutanen Keffi kuwa ga Asibitin Tarayya a garinsu, ga ƙananan asibitoci.

Saura ga magidanta. Maigida, in ka iya sayen ragon suna, kuɗin motar awo ba zai gagare ka ba. Iyaye mata kuma, ku sa wannan cikin nasihar da kuke yi wa amarya. Allah Ya raba lafiya, amin.