Yadda Masu Sha'awar Rediyo Ke Bin Sawun Juna a Kan Taswira

A ƙasashe da yawa akwai mutanen da hukuma ke ba lasisin yin magana ta rediyo, ba don kasuwanci ko watsa labarai ba, sai don sha'awa da gwaje-gwaje. Kowannensu yana da lambar kira tasa: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Nijeriya da 5N, ta Gana da 9G. A nan za mu kira su "masu sha'awar rediyo", ko da yake sunan bai gamsar ba, domin mai sauraron labarai da asuba shi ma yana da sha'awar rediyo.

Daga cikin abubuwan da suka ƙirƙiro akwai tsarin APRS, wanda ke nuna inda mutum yake a daidai lokacin da yake wurin. Wanda ya assasa shi shi ne Bob Bruninga, injiniya a makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Amurka, wanda ya rasu a 2022. A 1984 ya yi amfani da ƙaramar kwamfuta Commodore VIC-20 wajen bin sawun dawakai a wani tsere na mil 100.

Ga yadda abin ke gudana. Na'urar GPS ita ke gano wurin. Sai a haɗa wannan bayani da lambar kira da saurin tafiya da ɗan gajeren saƙo, a mayar da su sauti mai amo biyu, rediyo ta watsa. A kunnen mutum ƙara ce kawai ta kamar daƙiƙa ɗaya. Kowa a yanki yana amfani da mita guda: megahaz 144.390 a Arewacin Amurka, 144.800 a Turai. Da yake wannan zango ba ya wuce iyakar hangen ido sosai, akan kafa tashoshi a kan duwatsu da dogayen gine-gine, su karɓi saƙon su maimaita shi. Wasu tashoshin kuma su zuba shi a intanet, inda shafi kamar aprs.fi ke nuna shi a taswira. Har tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana maimaita irin wannan saƙo a kan 145.825.

Matsalar tana cikin wannan mita guda ɗin. Idan biyu suka watsa a lokaci ɗaya, saƙonnin sukan yi karo su lalace, kuma babu mai sanar da su cewa ba a ji ba. Don haka aka saba taƙaita maimaici zuwa sau biyu ko uku, mai mota kuma ya rage yawan aikawa idan ya tsaya. Wanda ya cika surutu ya toshe wa maƙwabta hanya, har da masu aikin ceto da suka dogara da tsarin inda wayar salula ba ta aiki.

Akwai kuma batun sirri, wanda a ganina ya fi nauyi. Dokar wannan fage ta hana ɓoye ma'anar saƙo, saboda haka duk mai so zai ga gidan da mota ta kwana da lokacin da ta fita. Shi ya sa aka tanadi hanyar rage lambobin ƙarshe na wurin, ta yadda taswira za ta nuna unguwa, ba ƙofar gida ba.